Tabon Damtse: Daga Lambar Agana Zuwa Allurar Korona a Ƙasar Mahuta

Idan dattijo ya tuɓe riga a gona don ya sha iska, ko ya naɗe hannun taguwa zai yi alwala, akwai wani tabo da ido kan faɗa a kai: zagayayye, mai ɗan rami, a saman damtse. A Mahuta, ko ta ƙasar Ƙafur da ke kusa da Malumfashi, ko takwararta ta Ɗandume a wajen Funtuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka haura shekara 55 suna ɗauke da shi. Sunansa lamba. Yaran yanzu ma suna da tasu, ta tarin fuka, wadda ake yi wa jariri a kwanakinsa na farko, amma ba ta kai ta kakanni faɗi ba. Ta kakanni ta agana ce, cutar da duk wanda aka haifa bayan 1980 sai dai a ba shi labarinta.

Mai son gane dalilin da ya sa allurar korona ta sha wuyar shiga gidajen wannan yanki a 2021, daga wannan tabo ya kamata ya faro. Ba a sabuwar gona allurar ta sauka ba. Ta tarar da ƙasar da aka shekara ɗari ana nomawa, wani gefe an zuba taki, wani gefe an bar ƙaya.

Tsoron agana ya kai ba a cika kiran sunanta kai tsaye ba, sai a ce "ado", kamar ana lallashinta. Irin mai tsanani takan kashe kusan uku cikin goma na waɗanda ta kama. Wanda ya tsira kuwa yakan tashi da zanzana a fuska, wani ma har da makanta. Ko a cikin bori sai da ta samu gurbi, domin akwai rukunin iskokin da ake kira 'Ya'yan Zanzana, waɗanda wani Bature mai suna Tremearne ya rubuta bayaninsu a 1914. Cuta ce da ba ta bukatar sanƙira. Kowa ya shiga kasuwa zai ga aikinta a fuskar mai daddawa.

Kuma ba Turawa ne suka fara kawo tunanin a sa wa mai lafiya ɗan guntun cuta don ya tsira daga babbarta ba. Fulani makiyaya a Afirka ta Yamma sun daɗe suna yi wa shanu haka. Idan ciwon huhu ya kashe saniya, sai a yanko ɗan yanki daga huhun, a tsaga fatar karan hancin lafiyayyun, a cusa. Wurin ya kumbura ya bar ƙullutu, saniyar kuma ta samu kariya. A jikin mutane ma ana yi da ruwan ƙurjin agana. A 1721, da annobar ta auka wa birnin Boston na Amurka, dabarar da aka gwada wani bawa ɗan Afirka ne da aka laƙaba wa suna Onesimus ya bayyana wa ubangidansa ita, yana nuna masa tabon da aka yi masa tun yana ƙasarsu. Hanya ce mai haɗari, tunda ainihin cutar ake sa wa mutum: wani ya mutu, wani ya shafa wa maƙwabci. Abin da Edward Jenner ya ƙara a Ingila a 1796 shi ne amfani da 'yar'uwar aganar da ke kama shanu, wadda ba ta kisa amma tana koya wa jiki faɗa.

Sai dai da lamba ta zo ƙasar Hausa, a hannun mai mulki ta zo. Turawa sun kafa dokarta a 1917, sannu a hankali aikin ya faɗo hannun En'e. Ɗan lamba yakan iso ƙauye ta hanyar da mai karɓar haraji da jangali ke biyowa, wani lokaci da dogari a bayansa. Ga shi maganin ba ya jure zafi. Kafin a kai shi ƙauye a kan keke cikin bazara, sau da yawa ya riga ya mutu. A tsaga wa yaro hannu, a yi ta jinyar wurin, baɗi agana ta zo ta kama shi. Uwar da ta ga haka sau ɗaya, me za a gaya mata? Tsofaffi na ba da labarin yadda akan tura yara cikin rumbu ko cikin karan dawa da zarar an ji 'yan lamba sun doso.

A 1967 al'amarin ya juya. Aka zo da busasshen magani mai jure zafi, da wata na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa ta harba maganin cikin fata ba tsinin allura, a yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. Ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka shiga, aka haɗa da rigakafin ƙyanda, wadda kowace uwa ta san ɓarnarta. Ana tsakiyar yaƙin basasa, amma aikin bai tsaya ba. Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni, aka jeru a gindin tsamiya. A watan Mayu na 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a duk yankin, a nan Nijeriya. Na ƙarshe a duniya da ya kamu ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a ɗan Somaliya ne, a 1977, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita. Shanu ma sun samu rabonsu, domin tun 1962 aka soma gangamin allurar bushiya, ana huda kunnen duk wadda aka yi wa. Makiyayi bai nemi a karanta masa takarda ba, garkensa ne ya ba shi amsa.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, ƙasar Malumfashi tana cikin wuraren da duniya ta koyi wani abu game da rigakafi. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka kafa wani babban aikin bincike a can, ƙarƙashin Farfesa Herbert Gilles. Suka bi ƙauyuka gida-gida suna ƙidayar haihuwa da mutuwa, suna nazarin tsargiya, da zazzaɓin cizon sauro, da saran maciji, da sanƙarau. Kan sanƙarau, sukan goga auduga a maƙogwaron mutane lafiyayyu, su tarar wasu na ɗauke da ƙwayar cutar suna yawo da ita ba ta kwantar da su ba. A 1983 likitocin wannan ayari, ciki har da Brian Greenwood da Hilton Whittle, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi kan ɗalibai maza: allurar sanƙarau ta wancan zamani, duk da tana hana mutum kwanciya, ba ta hana ƙwayar zama a maƙogwaro ta tsallaka ga wani.

Hana cuta kayar da mutum daban, hana ta ratsawa ta cikinsa daban. Bayan kusan shekara 40, wannan bambanci ne ya zama babban abin musu a majalisu kan allurar korona: "Ga wane an yi masa har sau biyu, kuma ya kamu." Amsar tana rubuce tun kafin a haifi masu musun, kuma daga maƙwabtansu aka samo ta.

Kafin waɗannan likitoci, masanin tarihi Murray Last ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972, yana lura da yadda mutane ke neman magani. Abin da ya gani shi ne ba a cika damuwa da sanin yadda magani ke aiki ba. A je wa malam a sha rubutu, a je wa mai saiwa, a je asibiti, wanda ya yi shi ne magani. Allura kuwa, in dai mutum na kwance, babu abin da ake so kamarta. Har gobe akwai mai zuwa kemis ya ce shi a yi masa allura, ƙwaya ba ta jin sa, ya biya da kuɗinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne allurar da ake biyo mutum da ita gida, yana cikin ƙoshin lafiya, kuma kyauta. A asibiti ko safar hannun da za a karɓi haihuwar matarsa sai ya saya. To wane ne wannan mai sonsa haka da ya aiko da mota har ƙofar gida?

A 1996 tambayar ta samu abin kamawa. Sanƙarau ya kama mutum sama da dubu 100 a Arewa, ya kashe sama da dubu 11. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka mutu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayar cuta ne da ake ba wanda ya riga ya kamu. Amma wa zai tsaya rarrabe wannan a zauren ta'aziyya? Abin da ya zauna a zukata guda ne: Turawa sun gwada magani a kan 'ya'yanmu.

Saboda haka da Dakta Ibrahim Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya fito a 2003 ya ce an cakuɗa ɗigon shan-inna da maganin hana haihuwa, maganar ta tarar da kunnuwa a buɗe. Yaƙin Iraƙi ma na ci a lokacin. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Zargin bai tabbata ba, kuma yaran da aka ɗiga wa a lokacin su ne yau ke tura nasu 'ya'yan makaranta. Amma cutar ta samu sarari, ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Sunanta ma ya taimaka mata: wanda ya yarda Inna ce ta shanye ƙafar ɗansa, ba zai ga haɗin hakan da ɗigo biyu a baki ba.

Gyaran ya ɗauki shekaru, kuma tsohuwar hanya aka koma. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda za su iya shiga har ɗaki su kira uwar gida da sunan ɗanta na fari. Aikin ya ci rayuka, domin a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan shan-inna tara a Kano. A gefe guda kuma, a ƙarshen 2011 aka kawo sabuwar allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac, Katsina na cikin jihohi biyar na farko. Ita wannan ta yi abin da ta zamanin binciken Malumfashi ta kasa, tana kawar da ƙwayar har daga maƙogwaro, nau'in sanƙarau na A da ya saba cinye bazara kuma ya kusa ɓacewa. Ba a sha wahalar tara jama'a ba. Kowane gida ya san yadda wuya ke sanƙarewa.

Korona ba ta zo da wannan gata ba. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Katsina kuma wanda aka fara sanarwa wani likita ne a Daura da ya rasu a farkon Afrilu. Amma tun kafin a ga gawa, doka ta riga ta iso. Gwamna Aminu Bello Masari, ɗan ƙasar Ƙafur, ya hana taruka har da sallar Juma'a, a ƙarshen Maris kuma fushin haka ya kai aka ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada. Aka rufe kasuwanni da iyakokin jihohi, mai tumatir ya rasa motar Legas. Cutar kuwa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa, a ƙasar da rabin jama'arta ba su kai shekara 20 ba. A Kano maƙabartu sun cika a watan Afrilu, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da hannun korona. Amma a ƙauye, in tsoho ya yi tari da zazzaɓi ya cika, kwana ne ya ƙare. Ba zanzana, ba gurgunta. Sunayen da rediyo ke kira kuma irin su Abba Kyari ne, sai aka ce ai cutar manya ce, ta masu hawa jirgi.

Kwanaki uku a watan Disamba na 2020 sun isa su nuna tazarar da ke tsakanin damuwar duniya da ta wannan yanki. Ranar 8, wata tsohuwa mai shekara 90 a Ingila ta zama ta farko da aka yi wa allurar Pfizer bayan kammala gwaji. Ranar 11, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Ranar 19, aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 na Mahutar Ɗandume suna dawowa daga Maulidi, sai da mutanen gari da jami'an tsaro suka bi sawu cikin dare aka ƙwato su. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, a ce masa babban abin tsoro shi ne mura?

Allurar ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kimanin miliyan 3.9, ta AstraZeneca, a ƙarƙashin shirin COVAX. Ranar 6 Shugaba Buhari, shi ma Bakatsine, ya miƙa damtse a gaban kyamara. Wani abin da ba a cika faɗa ba: kamfanin Serum Institute da ke birnin Pune a Indiya, wanda ya haɗa waɗannan kwalabe, shi ne dai ya haɗa MenAfriVac da aka yi layi aka karɓa shekara goma kafin nan.

Aikinta bai bambanta da na lamba ba a asali, sai dai babu ƙwayar korona a ciki. Ƙwayar tana da wasu ƙayoyi a jikinta da take maƙale wa mutum da su. Allurar na kai wa tsokar damtse saƙon yadda za ta ƙera irin wannan ƙaya kaɗai, sojojin jiki su gan ta, su haddace kamanninta, ran da mai ƙayar ta zo da gaske a tarbe ta tun a zaure. AstraZeneca da Johnson & Johnson sun ɗora saƙon a kan wata ƙwayar mura da aka hana ta hayayyafa. Pfizer da Moderna sun naɗe shi cikin ɗigon kitse, saƙon kuma yana narkewa cikin kwanaki, ba ya taɓa ƙwayar gado. Saurin da aka yi, wanda ya ba mutane tsoro, ya samu ne don an shafe shekaru ana aikin dabarar, kuɗi suka zubo, masu cutar da za a gwada kariya a kansu kuma suka yi yawa. Gwajin Pfizer kaɗai ya ƙunshi mutum sama da dubu 40.

Ba a ce babu illa ba. Ciwon hannu, kasala da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, waɗannan ruwan dare ne. Akwai kuma masu nauyi da ba safai ake gani ba. A watan da Nijeriya ta fara, ƙasashen Turai da dama suka dakatar da AstraZeneca na ɗan lokaci saboda wani irin daskarewar jini, wanda lissafin Birtaniya ya nuna yana samun kamar mutum ɗaya cikin dubu 50 zuwa dubu 100, kuma ya kashe wasu. Labarin ya iso ta rediyo a daidai ranakun da ake roƙon mutane su fito. Na Pfizer da Moderna kuma an ga kumburin tsokar zuciya a wasu samari, akasari mai sauƙi da ke warkewa. Abin lura shi ne cikin 'yan watanni aka gano waɗannan, aka faɗa a fili, aka sauya wa ake ba wace. Maganar hana haihuwa, wadda aka tono daga 2003 aka kakkaɓe mata ƙura, bincike bai gaskata ta ba, bayan an yi allura sama da biliyan 13 a duniya. Ta cewa cokali na maƙalewa a damtsen wanda aka yi wa allura kuwa, gumi ma ya isa ya yi wannan.

Kuskuren hukuma, a ganin mai wannan rubutu, shi ne barin mutane su ɗauka allurar katanga ce. Tana rage kamuwa na wasu watanni, amma babban aikinta hana kwanciya asibiti da mutuwa ne, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini ko na ƙoda. Da an nufi dattawan gari kai tsaye, ta bakin limami da ungozoma, da maganar ta fi zama. Maimakon haka aka yi shelar gama-gari, allurar kuma ta riƙa zuwa a guntu-guntu, wata dab da lalacewa. A Disamban 2021 hukuma ta murƙushe sama da miliyan ɗaya da suka wuce wa'adi a wata bola a Abuja. An yi haka ne don a nuna ba a yi wa kowa lalatacciya ba, amma mai kallon hoton a waya abin da ya fahimta daban.

A ƙarshe, abin da ya fi fito da mutane shi ne kati. Ma'aikatan tarayya aka ce daga 1 ga Disamban 2021 ba shiga ofis sai da shaidar allura ko ta gwaji. Sai kuma Makka. Bayan shekara biyu ba a je aikin Hajji daga waje ba, Saudiyya ta buɗe a 2022 da sharaɗin allura. Manomin da ya sayar da masara ya biya kujera bai yi gardama ba, don ya san ko mahaifinsa bai hau jirgi ba sai da katin shawara da allurar sanƙarau.

A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke matakin ta-ɓaci kan korona. A shekarar ce kuma mashaƙo ya yi ƙamari a Kano, Yobe da Katsina, yana shaƙe yara, akasarinsu waɗanda ba a taɓa kai wa rigakafin jarirai ba, alhali allurarsa ta kusa shekara ɗari a duniya. Iyaye mata suka cika ɗakunan shan magani da goyo, ba wanda ya aika musu dogari. Kwalaben da aka ciro daga firij mai aiki da hasken rana a lokacin, kamar na korona, daga ƙetare suka zo, domin ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas, wanda a da yake yin na agana da na shawara, ya tsaya tun 1991. Na dabbobi da aka kafa a Vom a 1924 shi ne bai rufe ba, kuma har yanzu daga can ake kawo allurar ciwon huhun da ake yi wa shanun noma.